Babi na Shida: Cooper Black, Ƙaton Harafi Mai Fara'a

A shekarar 1922 wani kamfanin zubin haruffan ɗab'i da ke birnin Shikago na Amurka, mai suna Barnhart Brothers & Spindler, ya fito da sabon salon haruffa wanda ya raba kan masu sana'ar gida biyu. Haruffan baƙaƙe ne wuluk, masu kauri, babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinsu, kowanne ya kumbura kamar fanken da aka tsamo daga mai. Masu talla suka yi ta rububinsa. Dattawan maɗaba'a, waɗanda suka saba da siraran haruffa masu kamun kai, suka laƙaba masa suna baƙar annoba. Yau shekara ɗari da 'yan kai ke nan, kamfanin ya daɗe da rufewa, haruffan dalma sun koma kayan gidan tarihi, amma Cooper Black na nan daram. Yana cikin jerin haruffan da ke zuwa da Microsoft Office, yana jikin jiragen sama, yana kan ledar alewa, kuma da wuya a ce mai karatun wannan littafi bai taɓa cin karo da shi a jikin wata fosta ko allon shago ba, ko da bai san sunansa ba.

Kafin mu shiga cikinsa sai mun tuna yadda masu ɗab'i suka kasa haruffa. Akwai na gundarin rubutu, irin su Times New Roman, waɗanda ake shirya shafi ɗari uku da su. Nagartarsu ita ce ka karanta ka gama ba ka lura da su ba. Akwai kuma na kanu, waɗanda ake bugawa manya a saman shafi, a bangon littafi, a allon talla. Su kam an yi su ne don a gan su, kuma kafin ido ya gama haɗa kalmar sun riga sun faɗa wa mutum ko abin nan na wasa ne, ko na hukuma ne, ko na masu kuɗi ne. Cooper Black ɗan rukuni na biyu ne, kuma a cikin rukunin ma shi ne ya fi kowa sakin fuska.

Wanda ya zana shi, Oswald Bruce Cooper, an haife shi a 1879 a jihar Ohio, ya tashi a garin Coffeyville na jihar Kansas, inda ya fara koyon aikin maɗaba'a tun yana saurayi. Daga nan ya tafi Shikago don ya koyi zanen hoto a makarantar Frank Holme, amma a can ya faɗa hannun Frederic Goudy, wanda ke koyar da zanen haruffa, sai hankalinsa ya koma wajen. A 1904 shi da abokinsa Fred Bertsch suka buɗe shagon zanen talla mai suna Bertsch & Cooper. Bertsch ne mai fita neman ciniki, Cooper kuma yana zaune a tebur yana rubuta kanun tallace-tallace da hannu, harafi bayan harafi. Rubutun da ya yi wa kamfanin motoci na Packard ya yi kyau har kamfanin American Type Founders ya ɗauke shi ya zuba shi a dalma a 1913 da sunan Packard. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin yana nuna daga inda Cooper Black ya fito: daga hannun mutumin da ya shafe kusan shekara ashirin yana rubuta talla, wanda ya san cewa kanun jarida na gasa da wasu kanu goma a shafi guda. Kafin Cooper Black sai da ya fara yin wani mai matsakaicin kauri, wanda aka sani da Cooper Oldstyle, sannan aka nemi ya yi mai nauyi. Shi da kansa ya riƙa yi wa abin ba'a, yana cewa an yi shi ne don masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa ganin abu sai ya matso kusa.

To, me ya sa wannan harafi yake da fara'a, alhali akwai masu kaurinsa da yawa da ke kama da umarnin soja? Sai mun matso kusa mun duba.

Fara da babban O. A yawancin haruffa masu kauri, farin da ke tsakiyar O a miƙe yake tsaye. A Cooper Black ya kishingiɗa, kansa ya karkata hagu, gindinsa ya zame dama. Wannan ba ado ba ne da aka liƙa daga baya. Duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara ya san cewa bakin alƙalami mai faɗi, idan aka riƙe shi a karkace aka zana da'ira, yakan ba da kauri a wasu wurare da siranta a wasu, kuma wuraren sirantar ba a tsakiyar sama da tsakiyar ƙasa suke faɗowa ba, sukan goce kaɗan. Haruffan da masu ɗab'in Italiya suka zuba a ƙarni na 15 sun gaji wannan karkata daga rubutun hannu, shi kuma Cooper ya ɗauko ta ya sa a cikin jiki mai ƙiba. Shi ya sa duk kaurinsa ido ke jin cewa hannun mutum ne ya yi shi. Haka farin da ke cikin Q da b da d da p yake, kowanne da ɗan karkatarsa.

Sai ɗigon da ke kan i da j. Ba da'ira ba ne, ba kuma murabba'i ba, ɗan ƙwai ne a kwance wanda shi ma ya ɗan karkata. Ƙaramin abu ne, amma gwada ka maye gurbinsa da cikakkiyar da'ira a kwamfuta, nan take kalmar za ta ɗaure fuska.

Babban sirrin yana wajen ƙafafu. Haruffa masu sarif, wato waɗannan 'yan ƙafafu da ake yi wa ƙarshen kowace sanda ta harafi, galibi ƙafarsu shimfiɗaɗɗiya ce a ƙasa, tana zaune ɗam a kan layi, bakinta kuma da tsini. Cooper ya dulmuye tsinin gaba ɗaya, ya kuma sa tafin ƙafar ya ɗan yi tudu. Saboda haka harafin bai kafu a kan layi ba, kamar yana iya ɗan gangarawa hagu ko dama. Dubi ƙaramin n ko m: sandunan gajeru ne, ƙafafun sun yi dunƙule, har sun kusa taɓa juna. Dubi r da f, yadda kansu ya lanƙwaso ya ƙare da ƙulli mai taushi. Ƙananan haruffan kuma dogaye ne idan aka gwada su da manyan, wutsiyar p da q da y gajera ce, don haka layi biyu na iya matsowa kusa da juna sosai su zama dunƙule guda. Farin da ke cikin a da e kuwa ɗan mitsitsi ne. Riƙe wannan a ranka, domin daga nan ne mafi yawan matsalolinsa ke tasowa.

Lambobinsa ma na tsohon yayi ne. Ba su tsaya kai ɗaya ba: 6 da 8 sun miƙe sama, 3 da 4 da 5 da 7 da 9 sun zuro ƙafa ƙasan layi, 0 da 1 da 2 kuma sun tsaya daidai tsayin ƙananan haruffa. A cikin jimla abin gwanin kyau.

Kasuwa ta karɓe shi fiye da yadda Cooper ya zata. Ba a jima ba aka yi masa ƙanne: Cooper Hilite a 1925, wanda aka yi wa farin layi a jiki kamar haske ya bugi harafin, sai mai karkata da kuma matsattse a 1926. Sauran kamfanoni suka ga ciniki na wuce su, kowa ya yi nasa. Ludlow ya fito da Ludlow Black, Linotype ya fito da Pabst Extra Bold, Monotype kuma ya sa Goudy, malamin Cooper da kansa, ya zana Goudy Heavyface a 1925. Idan aka jera su gefe da gefe za a ga cewa kumbura harafi ba wuya, wuyar ita ce a kumbura shi bai zama dunƙulen tawada ba. Na Cooper ne ya rayu. Shi kuwa ya rasu a 1940, a lokacin da yayin ya fara ja baya, masu zanen talla sun koma wa haruffa marasa ƙafa masu tsaftataccen layi, irin waɗanda daga baya Helvetica ta 1957 ta zama sarauniyarsu.

Abin da ya dawo da shi canjin kayan aiki ne. A zamanin dalma kowane harafi yana zaune ne a kan ɗan gungumen ƙarfe nasa, ba yadda za a yi haruffa biyu su matso fiye da yadda gungumen ya bari, sai dai a sa magagari a goge. Da aka shiga shekarun 1960 shirya kanu da fim da haske ya bazu, sannan kamfanin Letraset na Ingila ya kawo haruffan da ake gogawa daga leda su manne a takarda. Mai zane ya sami 'yancin matsa haruffa har su gogi juna. Nan aka gano cewa Cooper Black bai taɓa yin kyau ba kamar idan an matse shi. Tunda gefunansa duk a zagaye suke, harafi na shiga lungun ɗan'uwansa, kalmar ta koma siffa guda mai nauyi.

Misalin da aka fi ambata shi ne bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys, wanda ya fito a 1966. Hoton ƙasa na samarin ne suna ciyar da awaki a gidan namun daji na San Diego. A sama an shimfiɗa koren fili, an rubuta sunan ƙungiyar da fari, sunan faifan da rawaya, haruffan a matse, layi a kan layi babu wata iska a tsakani. Babu inuwa, babu zane a gefe, babu wani ƙarin ado. Launi uku da kauri kawai, kuma har yau ɗaliban zane na kwaikwayonsa. Bayansa aka yi ta ganin harafin a bangon fayafayai, ciki har da L.A. Woman na The Doors a 1971, sannan a sunayen wasannin barkwanci na talabijin da littattafan Garfield, kyanwar nan mai son barci da ci.

A daidai wannan lokaci ya sami wata rayuwa a ƙasa-ƙasa, wadda ni ta fi burge ni. Shagunan buga riguna a Amurka sun riƙa sayar da haruffa ɗai-ɗai waɗanda ake mannawa a riga da zafi, kuma Cooper Black na cikin waɗanda aka fi samu. Matasan unguwannin New York masu rawa da waƙar hip-hop suka riƙa rubuta sunayen ƙungiyoyinsu da shi a ƙirji. Dalilin ya koma ga tafin ƙafar nan mai tudu. Idan ka jera haruffa masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa da hannu, wanda ya goce ko da kaɗan ne sai ya tona asirinka. Na Cooper kuwa tunda dama ba su kafu a layi ba, ɗan hawa da sauka ba ya zama aibi, sai ma ya ƙara musu rai. Babu kuma siririn layi da zai tsinke ko tsinin da zai ɓare a wanki. Fim ɗin Napoleon Dynamite na 2004 ya yi amfani da wannan tarihi, inda jarumin ya sa farar riga mai jajayen haruffan Cooper Black yana yi wa abokinsa kamfe a zaɓen makaranta. 'Yan kallo ba su buƙaci bayani ba, da ganin rigar sun san a gida aka haɗa ta da kuɗi kaɗan da zuciya ɗaya.

Wannan shi ne saƙon da harafin ke ɗauke da shi duk inda ya je: abin nan ba shi da tsada, ba shi da girman kai, matso kusa. Kamfanin da ya fi kowa fahimtar haka shi ne easyJet. Lokacin da Stelios Haji-Ioannou ya kafa shi a 1995, yana tashi daga filin jirgin Luton zuwa Glasgow da Edinburgh, sauran kamfanonin jirage na amfani da tambura masu nuna alfarma, da fukafukai da kambi da shuɗi mai duhu. Shi kuwa ya zo da ruwan lemo da Cooper Black, sunan kamfanin ma da ƙaramin harafi ya fara. Tallarsa ta lokacin na cewa kuɗin tikiti bai wuce na wandon jins ba, fam 29. Tunda a lokacin ta waya ake sayen tikitin kai tsaye ba ta hannun dillalai ba, sai aka rubuta lambar wayar da ƙattin lambobi a jikin jirgin daga gaba har baya. Wanda ya ga jirgin ya san ba za a ba shi abinci a faranti ba, ya kuma san aljihunsa zai iya. Harafin bai yi wa kowa ƙarya ba, shi ya sa ya zauna.

A nan ne nake ganin ma'aunin amfani da shi yake. Ya dace da duk abin da da gaske mai sauƙi ne, mai daɗi, na kowa da kowa. Alewar Tootsie Roll ta daɗe da shi a jikin takardarta. Shagon yogot da fura, gidan biredi, kantin kayan wasan yara, bangon littafin tatsuniyoyi, fostar wasan barkwanci, rigar 'yan ƙwallon unguwa, sitikar bikin suna, duk gidansa ne. Abinci musamman yana karɓarsa, domin taushin gefunansa na tuna wa ido abu mai laushi a baki. Wani lokaci kuma akan yi amfani da sakin fuskarsa da gangan don a yi zolaya. Bangon faifan Brothers na The Black Keys a 2010 baƙin fili ne kawai da 'yan jimloli cikin Cooper Black masu faɗin cewa wannan faifai ne, ga masu shi, ga sunansa. Wannan rashin kwalliya ya ci lambar Grammy ta tsarin bango a 2011.

Inda bai dace ba kuwa a fili yake, amma kullum ana faɗawa. Sanarwar rasuwa da ta sadakar bakwai, takardar kotu, allon gargaɗin wutar lantarki, bayanin yadda ake shan magani, takardar shaidar kammala karatu, wasiƙar neman aiki. Na ga fostar ta'aziyyar wani dattijo da aka rubuta addu'ar neman rahama a kanta da wannan harafi, ja a kan rawaya, sai ka rantse buɗe sabon shagon shawarma ake sanarwa. Wanda ya shirya ta ba raini ya yi niyya ba, ya nemi abin da ya fi kauri ne a jerin haruffan kwamfuta. Banki ma da mai sayar da gwal su yi hattara. Wanda zai ajiye maka kuɗinka ba ka so ya zo maka da fuskar wasa.

Ko a inda ya dace, yana da sharuɗɗa. Na farko yawan kalmomi. Kalma ɗaya zuwa biyar ne iyakar ƙarfinsa. Da zarar an shirya sakin layi da shi, shafin ya koma baƙin bango, ido ya gaji kafin layi na uku. Ƙanƙanta shi ma haka: ɗan farin nan na cikin a da e shi ne ke bambanta su da o, kuma a takarda mai shan tawada, irin wadda ake buga jota da takardar talla da ita, tawadar na bazuwa ta cike ramin. Sai kalmar "madara" ta koma jerin baƙaƙen ƙulle-ƙulle. Saboda haka sunan kaya da shi, amma farashi da adireshi da sinadaran da ke ciki a ba wa wani harafi mara hayaniya, ko mara ƙafa ko irin na gundarin littafi. Kada kuma a haɗa shi da wani mai ado irinsa a fosta guda, don kowanne zai nemi a kalle shi ne, a ƙarshe a rasa na karantawa.

Akwai wani kuskure da barkwancin Cooper kansa ya taimaka wajen yaɗawa, wato zaton cewa harafi mai kauri shi ne aka fi iya karantawa daga nesa. Kauri na jawo ido, gaskiya ne, amma abin da ke sa a gane harafi daga nesa shi ne farin da ke cikinsa da wanda ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Shi ya sa allunan hanya, kamar waɗanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara wa titunan Birtaniya, ke amfani da haruffa masu matsakaicin kauri da buɗaɗɗen ciki da tazara. Cooper Black zai yi wa mai tafiya a ƙafa a bakin kasuwa aiki, amma direban da ke gudu a babbar hanya zai ga launi ne ya wuce. Lambar waya ma haka. Wadda easyJet ya rubuta a jikin jirginsa mai maimaita kanta ce. Tamu mai lamba goma sha ɗaya, idan aka rubuta ta da waɗannan lambobi masu hawa da sauka, mai kwafa sai ya duba sau biyu, ga kuma sifirin da ke kama da ƙaramin o.

Game da manya da ƙanana, ra'ayina shi ne a bar shi da ƙananan haruffansa. A nan halinsa yake, a ɗigon i da lanƙwasar f da cikin g. Manya zalla na yi a riga ko a kalma ɗaya gajera, amma a dogon suna sukan zama katanga. A matse tazarar haruffa, a matse ta layuka. A ba shi launi ɗaya cikakke, kuma ya fi son masu ɗumi, ruwan lemo da rawaya da ja da ruwan madara a kan kore ko ruwan ƙasa. Abin da ba ya so shi ne abin da aka fi yi masa a shagunanmu: a ja shi ya yi tsawo don ya cike bana, a zagaye shi da farin layi, a ƙara baƙi a bayan farin, a sa inuwa, a zuba masa launin bakan gizo. Jan harafi na ɓata daidaiton kauri da sirantar da Cooper ya auna, zagayen kuma na cinye ɗan farin da ya rage a ciki. Idan wuri ya yi kaɗan, akwai matsattsen da shi da kansa ya zana.

Mu masu rubuta Hausa muna da wata matsala ta daban wadda Cooper bai san da ita ba. Wanda ke zuwa da kwamfutocinmu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Na tsaya a wani shagon buga takardu ina kallon wata mata mai sana'ar yogot da yaron da ke kan manhajar zane ta CorelDRAW suna shirya mata sitika. Sunan kayan nata Ɗanɗano. Yaron ya zaɓi Cooper Black, zaɓi mai kyau kuwa, ya buga sunan. Sai ga a da n da o sun fito ɓul-ɓul, amma Ɗ da ɗ sun fito sirara daga wani salon daban da kwamfutar ta aro don cike gurbi.

"Ɗana, waɗannan biyun me ya same su? Kamar ba su ci abinci ba," in ji ta.

"Hajiya, wannan ba shi da masu ƙugiya. Ko dai mu sa D kawai, kowa zai gane."

"A'a, ni ba Dandano nake sayarwa ba. Gyara min."

Tana da gaskiya, kuma gyaran ba shi da wuya ga wanda ya san aikinsa. Ana buga d na asali, a mayar da rubutun zane ta yadda za a iya taɓa gefunansa, sannan a ɗauko lanƙwasar kan f daga cikin salon kansa a dasa a saman sandar bayan an cire ƙafar da ke wurin. Haka ake yi wa ɓ da ƙ. Tunda ƙugiyar daga jikin Cooper Black ta fito, kaurinta da taushinta za su dace da sauran. Abin lura shi ne kada ƙugiyar ta yi siririya, kada kuma ta sauko har ta toshe farin da ke tsakaninta da harafin gaba. A ɗ ta fi saurin karo da maƙwabci, domin dama take lanƙwasa inda babu komai nata a ƙasa, don haka sai an ɗan buɗa tazara a wurin. Babban Ɗ da Ɓ kuwa ƙugiyarsu hagu take fita daga sama, ita sai an zana ta da hannu, ana kwaikwayon dunƙulen ƙafar harafin. Ƙ ya fi su wahala, don a hannunsa na dama na sama ake lanƙwasawa. Wanda ya yi wannan aiki sau ɗaya ya ajiye haruffan a fayil, ya huta. Abin da bai kamata ba shi ne ɗora waƙafi a gefen harafi a ce an yi ƙugiya.

Yayin irin waɗannan haruffa masu taushi ya sake dawowa a 'yan shekarun nan, bayan kamfanoni sun gaji da tambura marasa ƙafa da duk suka koma kama ɗaya a fuskar waya. Kamfanin yogot na Chobani ya sauya zuwa harafi mai taushin ƙafa a 2017, Mailchimp ya ɗauki Cooper Light a 2018, Burger King kuma a 2021 ya sa aka zana masa nasa mai suna Flame, mai ƙiba da zagayayyun gefuna. Masu zanen haruffa suna komawa ga Cooper da 'yan zamaninsa, wato Windsor na kamfanin Stephenson Blake na Ingila da Souvenir na Morris Fuller Benton. Daga cikin sababbin akwai Recoleta na kamfanin Latinotype, da Fraunces wanda Phaedra Charles da Flavia Zimbardi suka zana, ana kuma samunsa kyauta a Google Fonts. Fraunces na da wata dabara da zamanin dalma bai yi mafarkinta ba: mai aiki na iya ƙara ko rage taushin gefunan da kansa, ya kuma kunna ko kashe 'yar karkatar da ke wasu haruffa, ta yadda salo guda zai yi kanun littafin yara da safe ya yi na mujalla da yamma. Kowanne daga cikinsu mutum ya ɗauko don aikin Hausa, kafin ya fara komai ya buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, ya ga abin da zai fito.